Yadda za a nuna wa yara abin da ke can cikin ƙasa da mudu, sikeli da igiya

Na daɗe ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a nan Gusau, kuma darasin cikin ƙasa na daga cikin waɗanda suka fi ba ni wahala a farko. A littafi zane ɗaya ne: da'ira huɗu, wata cikin wata, kowace da sunanta na Turanci. Yara su kwafa, su haddace, su zuba a jarabawa, shi ke nan. Wata rana wata yarinya 'yar Bunguɗu ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wa ya shiga ya gani?" Ajin ya yi dariya, amma tambayarta ta fi zanen da na yi a allo daraja.

Babu wanda ya shiga. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa shi ne na Kola a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, a 1989 ya kai mita 12,262, kilomita goma sha biyu da 'yan kai ke nan, a ƙarshe zafi ya hana ci gaba. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya kuwa kilomita 6,371 ne. To ta yaya aka san cikinta ƙarfe ne? Tun daga ranar na sake tsarin darasin, na mayar da shi amsar wannan tambaya. Ga yadda nake yi, ga malamai 'yan uwana da iyayen da ke son gwadawa a gida. Yana cin zama biyu, wani lokaci uku.

Ku tanadi mudu biyu iri ɗaya, gero, dusa, ƙaramin sikeli mai nuna giram, zare, kofin roba, tef ɗin tela, igiya mai tsawon mita bakwai, da gorar ruwa mai haske guda biyu. Sikelin shi ne mai wuyar samu. Na kicin ya isa, haka irin ƙaramin da masu sayen zinari ke sa wa a aljihu. Ni aro nake yi wurin wata maƙwabciyata mai yin kek.

A fara da mudu

Kada ku fara da duniya. Ku cika mudu ɗaya da gero, ɗaya da dusa, ku shafe bakinsu daidai, ku kira yarinya ta ɗaga. Awo ɗaya ne, nauyi ya bambanta. Duk wadda aka taɓa aika kasuwa ta san wannan, suna ne kawai ba ta ba shi ba. A littafi ana ce masa densiti, kuma dole su san kalmar saboda jarabawa, amma ni a aji nakan ce nauyin awo: nawa abu yake yi idan an ɗebi cikin mudu ɗaya nasa.

Sai ku gaya musu cewa masana da ruwa suke gwada komai. Ruwa shi ne 1. Man gyaɗa bai kai ba, wajen 0.9 ne, shi ya sa yake tasowa a kan miya. Zuma 1.4. Ƙarfe 7.9, dalma 11.3, zinari 19.3. Wato mudun zinari ya ninka mudun ruwa sau goma sha tara da ɗoriya.

A nan nakan kawo zancen Inna. Idan za ta dafa shinkafa 'yar gida, takan zauna da ƙwarya biyu tana regewa, tana juya ruwan a hankali tana tsiyaye tsabar, har a ƙarshe ka ga 'yan tsakuwa da yashi sun kwanta su kaɗai a gindin ƙwarya. Ba ta taɓa tsince su da hannu. Mai nauyi ne yake neman ƙasa da kansa. Masu wankin zinari a wajen Anka da Maru aikin nan suke yi, kwano ne kawai ya maye gurbin ƙwarya. Ku bar yaran su riƙe hoton regaya a kansu, za a dawo gare shi.

Auna dutse

Wannan shi ne zuciyar darasin, kada a yi gaggawa a kansa. Kowace ƙungiya ta zo da dutse mai tauri, kamar girman ƙwan zabo. Tsakuwar gini da ake fasawa ta yi, haka ɓallin dutse irin na gindin Kwatarkwashi. A guji marmara da gutsuren bulo, domin suna da ƙofofi, suna shan ruwa, sai lissafi ya karkace.

Wani gargaɗi da ba na wasa da shi: kada yaro ya kawo dutse daga ramin haƙar zinari, kada kuma a daka kowane dutse a aji ko a gida. Mu a Zamfara mun san abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, ƙurar dalma ta kashe yara fiye da 400. Dutsen dalma yana da nauyi da sheƙi, yana jan idon yaro. Ku faɗa musu wannan tun kafin ku aike su neman dutse.

Ku ɗora dutsen a sikeli, a rubuta. Na wata ƙungiya a zangon da ya wuce giram 81 ne. Sai a sauke shi, a ɗora kofi da ruwa wajen rabi, a danna maɓallin da ke mayar da sikeli sifili. A ɗaure dutsen da zare, yarinya ɗaya ta riƙe bakin zaren ta saukar da shi a hankali har ruwa ya rufe shi, amma kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa. Yana rataye a tsakiyar ruwa, sikeli zai nuna wata lamba. Tasu ta nuna 30. Wannan lambar ita ce nauyin ruwan da dutsen ya ture ya shiga wurinsa, wato ruwa mai girman dutsen daidai. Sai a raba: 81 a raba da 30, ya ba da 2.7.

Hannu yakan yi rawa, lambar ta yi ta tsalle. Ku sa mai riƙon ta dogara gwiwar hannunta a kan tebur, ko a ɗaura zaren a jikin fensir a gitta shi a kan littattafai biyu. Idan kumfa ta manne a jikin dutsen, a girgiza zaren ta tashi. A maimaita sau uku.

Kowace ƙungiya ta rubuta nata a allo. Za ku ga 2.6, 2.7, 2.8, wata ta samu 2.5. Ku gwada katon noti na ƙarfe daga wurin bakanike ta wannan hanya, zai faɗo tsakanin 7 da 8. Daga nan sai in ja layi a ƙarƙashin lambobinsu, in rubuta 5.5 da babban rubutu, in ce wannan na duniya ce gaba ɗayanta. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Cavendish, ya auna a 1798. Ya rataye ƙananan ƙwallayen dalma kusa da manya, ya auna ɗan jan da ke tsakaninsu, ya kwatanta da yadda duniya ke jan su, ya samu wajen 5.45. Awon zamani ya ba da 5.51.

Sai ku yi shiru. Ku bar su da lambobin biyu. Duwatsun da muke takawa 2.7, duniya dungurungum 5.5, ninki biyu. Idan shirun ya yi tsawo, nakan tambaye su: an kawo buhun auduga wurin awo, mai saye ya ɗaga ya ji ya ninka nauyin da ya sani, me zai yi zato? Nan take za su ce, "An ɓoye dutse a ciki, Malama." To duniya buhun dutse ce da ta ninka nauyin dutse. Me aka ɓoye a cikinta? Wata za ta kalli notin da ke kan tebur. Da bakinta za ta faɗa, kuma wadda ta gano da kanta ba ta mantawa.

Igiya a fili

Zama na biyu a waje nake yin sa, da safe kafin rana ta yi zafi. A yanke igiya mita 6 da santimita 37. Kowace milimita ɗaya tana matsayin kilomita ɗaya, saboda haka igiyar ita ce tafiya daga ƙarƙashin ƙafarmu zuwa tsakiyar duniya. Yarinya ɗaya ta riƙe bakin sama, wata ta riƙe na tsakiya, a miƙe ta.

Daga bakin sama a auna santimita uku da rabi, a ƙulla jan ƙyalle. Ɓawon duniya ke nan, faɗin yatsu biyu. A ƙarƙashin nahiyoyi kaurinsa yakan kama daga kilomita 30 zuwa 50, ƙarƙashin tsaunukan Himalaya ya kai wajen 70, a ƙarƙashin teku kuwa 5 zuwa 10 kacal. Nakan ce musu kaurin da ke ƙarƙashinmu bai kai tafiyar Gusau zuwa Ƙaura Namoda ba. Duk rijiya, duk ramin zinari, duk rijiyar man fetur a cikin yatsun nan biyu suke. Ramin Kola ku sa masa ɗigon biro a milimita 12. Yara sukan sunkuya su duba ɗigon, su ɗaga kai su bi sauran igiyar da ido. Ɓawon nahiya nauyin awonsa 2.7 ne, daidai da abin da suka auna da hannunsu. Na teku ya kai 3.0, shi ya sa ya fi nutsewa, ruwa ya taru a kansa.

Ƙulli na biyu a mita 2 da santimita 89. Daga jan ƙyalle zuwa nan shi ne mantil, wanda nake kira naman duniya. Shi ne mafi yawa, kashi 84 cikin 100 na girmanta. Dutse ne mai yawan ƙarfe da maganiziyam, daga sama 3.3, yana ƙaruwa har ya kai wajen 5.6 a gindinsa.

Ƙulli na uku a mita 5 da santimita 15. Tsakanin na biyu da na uku ita ce gwaiduwar waje: narkakken ƙarfe haɗe da nikel, kaurinta ya haura kilomita 2,200. Ku tsaya a ƙulli na biyu ku nuna musu tsallen da lamba ta yi. Ta gefen sama 5.6, ta gefen ƙasa wajen 10. Tazarar nan ta fi wadda ke tsakanin iska da dutsen da muke takawa. Daga nan tana hawa har 12.2.

Abin da ya rage, mita ɗaya da santimita 22, gwaiduwar ciki ce. Ƙarfe daskararre, wajen 13, zafinsa ya haura digiri 5,000, kusan irin na fuskar rana. Gwaiduwar biyu a haɗe ba su wuce kashi 16 na girman duniya ba, amma suna ɗauke da kusan sulusin nauyinta. Ga abin da aka ɓoye a buhun.

Mai kaifin kai za ta kama ku a wuri biyu, kuma ku yi murna idan ta kama. Za ta ce noti 7.9 ne, ya aka yi ƙarfen ciki ya zama 13? Kuma ya aka yi na waje ya narke, na ciki da ya fi zafi bai narke ba? Amsar ɗaya ce: danniya. Ku ɗauko mudun dusa, ku danna da tafin hannu, ku ƙara wata a kai. Mudu bai ƙaru ba, nauyi ya ƙaru. A tsakiyar duniya danniyar ta ninka ta iskar da ke kanmu fiye da sau miliyan uku da rabi. Ta matse ƙarfen ya cushe, ta kuma hana shi sakin jiki ya narke duk da zafin.

Gora, da inda take yin ƙarya

A gora ta farko ku zuba zuma kamar faɗin yatsu uku, ta tsakiya, kada ta shafi gefe. Idan zuma ta yi tsada, a narka sukari kofi biyu a ruwan zafi kofi ɗaya, a bari ya huce. A karkata gorar a tsiyaya ruwan zoɓo marar sukari ta jikin gefe, a hankali, sai man gyaɗa a sama. Hawa uku za su tsaya, kowa a inda nauyinsa ya ajiye shi. A jefa ƙusa, ta wuce har gindi. Ƙwayar masara ko wake ta ratsa mai da zoɓo ta tsaya a kan zuma. Guntun karan dawa ya zauna a sama. Ku gwada a gida tukuna, don wata zumar an sirka ta da ruwa, masara sai ta nutse.

Wannan kada a girgiza ta, zuma za ta narke cikin zoɓo. Ta girgizawa ita ce ta biyu: yashi, ruwa, mai. A ba yarinya ta kaɗa da ƙarfi har ya zama kunu, a ajiye a bakin taga. Kafin a tashi daga aji sun rabu. Haka ya faru da duniya wajen shekaru biliyan huɗu da rabi da suka wuce, tana sabuwa, zafi ya narkar da mafi yawanta. Ƙarfe ya gangara tsakiya, dutse marar nauyi ya taso ya daskare a sama. Regayar Inna ke nan.

Amma gorar tana koya wa yara kuskure ɗaya idan ba a kula ba, kuma ni ma na koyar da shi shekaru kafin in gyara. Sai su ɗauka muna zaune a kan tekun narkakken dutse. Ba haka ba ne. Mantil daskararre ne. Yana motsi, amma 'yan santimita a shekara, kamar yadda farce ke tsiro. Dutsen da ke malalowa daga tsauni mai aman wuta a wasu 'yan wurare yake narkewa kusa da sama. Hawa ɗaya tak ne ruwa-ruwa, gwaiduwar waje. Nakan kawo alewar ɗinya ko nakiya mai danƙo: ka buga ta karye, ka ja a hankali ta miƙe. Ku faɗi wannan sau biyu, ku sa su rubuta.

Ƙwanƙwasa kankana

Sikeli ya gaya mana akwai abu mai nauyi a ciki, amma bai gaya mana inda kowane hawa ya fara ba. Wannan daga girgizar ƙasa aka samo. Mai sayen kankana yakan ƙwanƙwasa ya kasa kunne, ya san cikinta ba tare da ya yanka ba. Babbar girgiza tana ƙwanƙwasa duniya, na'urori a ƙasashe daban-daban suna saurare, suna rubuta lokacin da motsin ya iso.

Motsin iri biyu ne, kuma da jikin yara ake nuna shi. A jera goma kafaɗa da kafaɗa. A ɗan tura ta farko ta gefe, turin ya bi layi har ta ƙarshe ta ji. Wannan iri yana ratsa dutse, yana ratsa ruwa. Sai su sarƙe hannuwa a gwiwa, a sunkuyar da ta farko gaba a mayar da ita, za ta ja ta biyu, ta biyu ta ja ta uku. Yanzu su saki hannu, a sake. Ta farko kaɗai za ta sunkuya. Sarƙe hannu shi ne daskararren abu, sakin hannu shi ne ruwa. Wannan iri na biyu, idan an yi girgiza, ba ya isa tashoshin da ke ɗaya ɓangaren duniya. Wani abu ruwa-ruwa ya tare shi a hanya.

Richard Oldham, wanda ya yi aikin binciken ƙasa a Indiya, shi ya nuna akwai gwaiduwa a 1906. Andrija Mohorovicic na Kuroshiya ya gano iyakar ɓawo da mantil a 1909, inda motsin ke ƙara gudu kwatsam. Bajamushe Beno Gutenberg ya lissafa zurfin gwaiduwa, kilomita 2,900. Sai Inge Lehmann, mace 'yar Denmak. Ta lura da wasu raunanan motsi suna isa wuraren da bai kamata su isa ba, ta zauna ta bi lissafinsu, a 1936 ta ce akwai wata gwaiduwa a cikin gwaiduwa da ke mayar da su. Ta rayu shekara 104. Nakan rubuta sunanta a allo in bar shi har ƙarshen mako, domin 'yan mata ne a gabana, kuma da takarda da fensir ta yi aikin.

Kusan kowace shekara sai wata ta tambaya ko waɗannan su ne ƙassai bakwai da take ji a Islamiyya. Nakan ce mata wannan ta kai wa malaminta na tafsiri, shi ke da ilimin. Abin da nake koya mata shi ne abin da awo ya nuna, kuma ba na tilasta lissafin hawa ya zama bakwai don ya dace.

Idan akwai sauran minti biyar, ku fito da kamfas irin wanda matafiya ke duba alƙibla da shi. Narkakken ƙarfen gwaiduwar waje yana juyawa, juyawar tana haifar da maganaɗisun duniya, shi ke riƙe allurar ta fuskanci arewa. Ku ajiye shi a tafin hannun yarinyar da ke tsaye a bakin igiya, ku nuna mata ƙulli na biyu, inda abin da ke juya allurar ya fara.

Zumar da aka jefa wa ƙusa a zubar, kada a bar yara su lasa. Igiyar kuwa kada ku kwance ƙullinta. Ku naɗe ta a jikin kara, ku rubuta lambobin a ƙyallayen da biro mai kauri, ajin baɗi zai same ta a shirye.